ABIN DA KE SA YATSU MUTUWA CIKIN DARE

Akwai wani ciwo da ke yawo tsakanin ma'aikata, wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya hana cin tuwo, saboda haka ba a cika kai shi asibiti ba sai ya yi ɓarna. Ga yadda ya ke farawa. Mutum ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare ko goshin asuba sai ya farka ya ji hannunsa ya mutu, yatsu suna tsikari kamar ana tsira musu allura, wani lokaci da zugi har gwiwar hannu. Sai ya tashi zaune ya yi ta yarfe hannun kamar wanda ya taɓa garwashi, jim kaɗan abin ya lafa, ya koma barci. Da gari ya waye ya manta. In ma ya tuna sai ya ce ai kwanciya ya yi a kan hannun, ko kuwa sanyi ne ya kama shi. Ana nan ana nan, har ran da alƙalami zai suɓuce masa yana cikin rubutu, ko ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa, sa'an nan hankalinsa ya tashi.

Mun ga ya kamata mu ja hankalin malaman makaranta da na ofis ga wannan al'amari, domin su ne ba su da wata gona sai yatsu uku, watau babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. Da su a ke riƙe alli, da su a ke riƙe alƙalami, da su a ke ƙirga takardu, su ne kuwa daidai yatsun da ciwon nan ya ke kamawa. Likitoci suna ce da shi kafal tanel da Turanci, mu kuwa za mu kira shi matsewar jijiyar wuyan hannu, gama abin da ke faruwa ke nan. A ofisoshi, da zarar an ji wani yana kukan hannu sai a ce kwamfuta ce ta ja masa, kamar yadda dā a kan ɗora wa tafireta. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, amma mafi yawan laifin yana wani wuri dabam, kuma wanda bai san ta inda ɓarawo ke shigowa ba, ƙofar da ba ita ba zai kwana yana gadi.

KWARARON DA KE CIKIN HANNU

Kafin a shiga rabon laifi sai an san wurin. Mai karatu ya buɗe tafin hannunsa, ya dubi gindinsa, inda layukan nan suka gitta wuyan hannu. Ƙarƙashin nan akwai ƙananan ƙasusuwa 8, sahu biyu, huɗu huɗu, waɗanda suka lanƙwashe suka yi kwari kamar magudanar ruwa. Bisa kwarin akwai wata ɗamara mai kauri da tauri, ta kama ƙasusuwan daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙashi a ƙasa, ƙashi dama da hagu, ɗamara a sama, ka ga an sami kwararo ke nan, wanda faɗinsa bai ɗara kaurin babban yatsa da wani abin kirki ba. Abu goma ne ke bi ta cikinsa.

A nan Hausa ta ɗan takura mu, don kalma ɗaya gare mu, jijiya, muna kiran abu uku da ita: hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma farar jijiyar nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Duk malamin da ya taɓa koyar da kiwon lafiya ya san yadda wannan ke rikita yara. To, tara daga cikin goman nan igiyoyin tsoka ne. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu tana can sama a sangalin hannu, da waɗannan igiyoyi ta ke jan yatsun kamar yadda mahayi ke jan linzami. Yatsu huɗu kowanne yana da biyu, babban yatsa yana da ɗaya. Ta goman ita ce jijiyar saƙo, wadda a ke kira jijiyar tsakiya, tana kwance dab da ɗamarar. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da babban yatsa ya taɓa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Ita ce kuma ke ba da umurni ga tudun naman nan na gindin babban yatsa, wanda ke juyo da shi ya sadu da 'yan'uwansa har mutum ya iya tsintar allura a ƙasa. Ƙaramin yatsa kuwa ba ruwanta da shi, wata jijiya ce dabam ke kula da shi. Wannan abin riƙewa ne, domin wanda ya farka da mataccen hannu, in ya lura ya ga autan yatsu lafiyarsa ƙalau, to, ya riga ya yi wa likita rabin aiki.

Kwararon nan ba ya buɗewa, ba ya ƙara faɗi. Saboda haka duk abin da ya ƙara cunkoso a ciki, ko ruwa ne ya taru, ko rigar igiyoyin ce ta yi kauri, ko ƙashi ne ya karye ya ɗoru a karkace, tilas wani ya matsu, mai taushi kuwa shi ke shan matsi. A shekarar 1981 wani likita a Amurka, Richard Gelberman, shi da abokan aikinsa, suka zura siririn bututu cikin kwararon suka auna matsin da ke ciki, da irin lissafin da a ke faɗin hawan jini da shi. A hannun masu lafiya, in wuyan hannu yana miƙe, 2.5 kacal suka samu, in an lanƙwasa shi gaba ɗaya sai ya hau wajen 30. A hannun masu ciwon kuwa, ko yana miƙe 32 ne, da aka lanƙwasa shi ciki ya kai 94, da aka tanƙwara shi baya ya kai 110. Matsin da ya kai 30 ya isa ya rage gudun jini cikin 'yan hanyoyin da ke ciyad da jijiyar. Jijiyar da ta rasa jini sai ta soma aika saƙon banza, shi ne tsikarin nan. In abin ya daɗe sai ta yi shiru, shi ne mutuwar yatsu.

Wannan awo shi ya warware mana zancen dare. Galibin mutane in barci ya yi nauyi su kan naɗe hannu, su cusa shi ƙarƙashin haɓa ko matashi, wuyan hannun yana lanƙwashe sa'o'i da yawa ba su sani ba. Shi ne kuma ya nuna dalilin da ya sa abin ke tasowa da rana sa'ad da mutum ya daɗe riƙe da jarida, ko waya a kunne, ko sitiyarin mota.

An daɗe ana lalube kafin a gane haka. A 1854 Sir James Paget, wani shahararren likitan fiɗa na Landan, ya ba da labarin mutumin da ya karye a wuyan hannu, daga baya jijiyar ta matsu. A 1913 wasu likitoci biyu na Faransa, Pierre Marie da Charles Foix, suka binciki wata gawa wadda naman gindin manyan yatsunta duka biyu ya zube, suka tarad da jijiyar a shaƙe daidai ƙarƙashin ɗamarar, suka ce da an yanka ɗamarar da wuri da an tsirad da hannun. Ba a kula da maganarsu sosai ba. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan wuya, har a kan yi wa wasu aiki a gindin wuyan, ciwo yana nan inda ya ke. Sai a 1947 Russell Brain da abokansa a Landan suka buga labarin majinyata 6 waɗanda ciwon ya same su haka kawai ba tare da karaya ba, aka yanka musu ɗamarar suka sami sauƙi. Wanda ya yayata shi har duniya ta sani kuwa shi ne George Phalen na asibitin Cleveland a Amurka, wanda a 1966 ya buga bayanin hannu 654 da ya duba cikin shekara 17. Har yau da sunansa a ke kiran gwajin nan da likita ke sa mutum ya saki hannuwansa su lanƙwashe na minti ɗaya, a ga ko tsikarin zai taso. Abin da ya fi jan hankalinmu cikin bayaninsa shi ne, yawancin majinyatansa mata ne waɗanda suka fara manyanta, kuma wannan tun kwamfuta ba ta hau teburin kowane akawu ba.

WA YA FI KAMAWA?

A 1999 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kudancin Suwidin, inda mutum 2,466 waɗanda aka tsinto cikin jama'a suka amsa tambayoyi. Kashi 14 cikin ɗari suka ce suna jin tsikari ko mutuwa ko zafi a waɗannan yatsu, amma da likitoci suka duba su, aka kuma gwada jijiyarsu da na'ura, kashi 2.7 ne aka tabbatar suna da ciwon ta hanyoyin duka biyu. Watau dai ba kowane tsikari ne shi ba, amma kuma mutum ɗaya cikin 37 ba ƙaramin abu ba ne. Makarantar da ke da malamai arba'in kada ta yi mamaki in an sami ɗaya a cikinsu.

Mata sun fi maza kamuwa da wajen ninki uku, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 40 da 60. Gado ma yana da babban rabo a ciki, domin wani da kwararonsa a tsuke aka haife shi. Wani bincike da aka yi a kan tagwaye mata a Ingila, aka buga a 2002, ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mai kamuwa da wanda ba ya kamuwa daga gado ya ke. Wannan babu yadda mutum zai yi da shi, sai dai wanda ya san mahaifiyarsa ta yi fama da mutuwar yatsu ya riƙa sa wa nasa ido.

Amma akwai biyu waɗanda su ke hannun mutum, su ne kuma muka fi so malamai su tsaya a kansu: ƙiba da ciwon sukari. Mai ƙiba sosai haɗarinsa ya kai wajen ninki biyu na wanda jikinsa ya ke daidai. Ciwon sukari kuwa ta fuska biyu ya ke ɓarna, yana raunana jijiyar kanta har ta kasa jure ɗan matsin da lafiyayya za ta jure, yana kuma kaurara abin da ke kewaye da igiyoyin. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mutum ya kan je asibiti da kukan hannu, gwajin jini ya tona cewa sukari ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba. To, jama'a, mu dubi zaman ma'aikaci. Yaro ya fito kwaleji siriri kamar kara, yana zuwa makaranta a ƙasa ko bisa keke. Shekara goma sha biyar, an sami ƙarin girma, an sami babur ko mota, an sami kujera mai hannu, shayi da madara da sukari safe da yamma, tumbi ya fito ana yi masa kirari da alamar jin daɗi. A ganinmu kujerar ofis ta fi maɓallan kwamfuta laifi cikin wannan ciwo, ita ce kuwa ba a taɓa kai ƙararta.

Saura masu kawo shi sanannu ne. Mace mai ciki ta kan same shi, musamman a watannin ƙarshe sa'ad da ruwa ke taruwa a jiki, yawanci kuwa ya kan tafi da kansa 'yan watanni bayan haihuwa. Haka raunin halittar nan ta maƙogwaro wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, da daɗewa ana wankin ƙoda. Karayar wuyan hannu ma tana ciki, ko da an yi shekaru da warkewa, balle in ƙashin ya kama a karkace.

LAIFIN AIKI

Zargin aikin rubutu tsoho ne. Bernardino Ramazzini, wani malamin likitanci na Italiya, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, a 1713 ya ƙara masa babi a kan marubuta da magatakarda. Abu uku ya ce suna cutar da su: yawan zama, da motsa hannu iri ɗaya ba hutu, da takura hankali don gudun kuskure cikin lissafi. Har ya ba da labarin wani magatakarda da hannunsa na dama ya shanye, ya koyi rubutu da hagu, shi ma hagun ya bi sahu. Shi ne kuma ya gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Gargaɗin yana nan da amfaninsa. Sai dai ciwon hannun marubuta iri iri ne. Akwai gajiyar tsoka, akwai kumburin igiyoyi, akwai kuma wani mai wuyar sha'ani wanda yatsu ke ƙanƙamewa da zarar an ɗauki alƙalami amma su yi sauran aiki lafiya, wanda tushensa yana ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan dabam su ke da matsewar jijiyar da mu ke magana a kai, ko da ya ke a bakin jama'a duka ciwon hannu ne.

Da kwamfuta ta cika ofisoshi sai aka tsaya aka gwada zargin. A 2001 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka bincika ma'aikatansu 257 masu yini suna buga kwamfuta, suka sami mutum 9 da na'ura ta tabbatar suna da ciwon, watau kashi 3.5 cikin ɗari, wanda bai yi nisa da abin da a ke samu cikin sauran jama'a ba. A 2003 aka buga wani babban bincike daga Danmak a kan dubban ma'aikata, shi ma bai sami wata hujja mai ƙarfi a kan buga maɓallai ba. Abin da ya ɗan gani shi ne ƙarin haɗari kaɗan ga masu riƙe linzamin kwamfuta fiye da awa 20 a mako. Saboda haka in ɓera da sata, daddawa ma da wari: kwamfuta ba ta fita sarai ba, tana iya tayad da ciwon da ke kwance, tana kuma sa wuya da kafaɗa ciwo, amma ba ita ce uwar laifin ba.

Aikin da aka tabbatar yana kawo shi kamanninsa uku ne, watau damƙa da ƙarfi a maimaita ta yini guda, da riƙe abin da ke karkarwa, da aiki da wuyan hannu a lanƙwashe ƙwarai. In biyu suka haɗu abin ya fi muni. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tattara shaidu a 1997 ta ce hujja ta fi ƙarfi inda ƙarfi da maimaici suka haɗu, kamar a mayankar dabbobi da masana'antun harhaɗa kaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a jerin cututtukan aiki da ta sabunta a 2010, da waɗannan kamanni uku ta ambace shi.

Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya kewaya garinsu zai ga inda abin ya dosa. Zai tsaya wurin mahauci, da mai walda da ke riƙe injin goge ƙarfe, da kafinta, da mai fasa dutse, da ɗan acaɓa da ke yini damƙe da babur yana karkarwa a hannunsa. In ya shiga gida kuwa zai tarad da daka, da tuƙin tuwo, da matse wanki, da tatsar shanu. Nan ne maganar ta dawo kan malam. Yana iya yiwuwa ƙwarai shi da ke ƙorafin kwamfuta lafiyarsa lau, uwargida ce ta yi shekara biyu tana tashi cikin dare tana yarfe hannu, ƙwarya tana suɓuce mata, ana ce mata sanyi ne ko sakaci. Ita ce mace, ita ce mai haihuwa, ita ce mai aikin ƙarfi da wuyan hannu. Malamin da ya karanta wannan ya kamata ya fara da tambayar iyalinsa.

ABIN DA MUTUM ZAI IYA YI

Babu wata dabara da aka tabbatar tana hana ciwon nan ɗungum, kuma kada kowa ya ɓad da albashinsa a kan kayan talla. Maɓallan kwamfuta masu lanƙwasa, da awarwaron maganaɗisu, da ƙwayoyin bitamin, duk ba a sami gamsasshiyar shaida cewa suna kawad da shi ba. Abin da hankali da awon nan na 1981 suka nuna mai sauƙi ne: wuyan hannu a miƙe, riƙo a sassauce, aiki da hutu.

Ga mai aikin ofis, a daidaita kujera da tebur yadda gwiwar hannu za ta zo daidai da maɓallai, hannu ya tafi sak daga gwiwa zuwa yatsu ba tare da ya karye sama ko ƙasa ba. In tebur ya yi tsawo a ɗora matashi a kujera, ba sai an jira an sayo sabo ba. Kada a dasa gindin tafin hannu a kan kaifin tebur ana bugu. Waɗanda suka koyi aiki a kan tafireta har yanzu su kan daki maɓalli kamar suna jin haushinsa, alhali kwamfuta taɓawa kawai ta ke so. Ga malamin aji, kada ya miƙe yana rubutu a ƙolin allo da hannu a tanƙware, ya tsaya inda kafaɗarsa ta kai. Lokacin makin jarrabawa, sa'ad da takardu ke tsibi, a raba su kashi kashi, a ajiye alƙalami bayan kowane rabin awa a buɗe yatsu a motsa su. Alƙalami mai kauri ya fi siriri sauƙin riƙo, kuma malaman ƙananan azuzuwa za su yi wa yara alherin da zai bi su har tsufa in sun hana su shaƙe fensir kamar za su karya shi. Ga masu aikin ƙarfi, wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya tausayin hannu, ƙota mai kauri ta fi siririya, a kuma riƙa sauya hannu da sauya aiki. Hatsin da za a iya kai wa inji, a kai.

Amma duk wannan bai kai rage tumbi da gwada sukari ba. Wanda ya haura arba'in, ko akwai ciwon sukari a gidansu, ya je a gwada jininsa, ba ya cin lokaci. Mai ciwon kuma ya riƙe maganinsa da ƙa'idar abincinsa.

In tsikarin dare ya riga ya fara, magani na farko shi ne abin ɗaure wuyan hannu, mai ɗan ƙarfe a ciki kamar karan ɗori, wanda a ke sawa lokacin kwanciya don ya hana hannun naɗewa. Ana samunsa a manyan kantunan magani. Miƙar da hannun a ke so ya yi, saboda haka kada a tamke shi har ya zama wani sabon matsi, kuma a ba shi mako huɗu zuwa shida kafin a ce bai yi ba. Mai ciki sau da yawa wannan kaɗai ya ishe ta. In bai wadatar ba likita ya kan yi allura cikin kwararon don sacce kumburi, ta kan ba da sauƙi na makonni ko watanni, ko da ya ke ga mutane da yawa ciwon ya kan dawo. Wannan allura aikin ƙwararre ce, don jijiyar tana nan dab da inda a ke sokawa. Kada a yarda wani mai kemis ya gwada. Tsaga da ƙaho da gashi ba su kai wa ga abin da ke ƙarƙashin ɗamara, sai dai su bar tabo da miki, wanda ga mai ciwon sukari babban haɗari ne. Haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi wata da watanni kuwa ba ta buɗe kwararo, gyambon ciki da ciwon ƙoda ta kan jawo.

Lalle a sani kuma ba duk mutuwar hannu ce wannan ciwo ba. In ta zo farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko raunin ƙafa a gefe guda, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti nan take. In akwai wani tabo a fata mai haske ko ja wanda ba ya jin taɓi, a je a duba kuturta, gama ita ma jijiyoyin hannu ta ke ci. Tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. In ƙaramin yatsa ne ke mutuwa, sau da yawa matsin a gwiwar hannu ya ke. In kuwa zafin daga wuya ya ke gangarowa, wuyan za a duba. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke auna gudun saƙo cikin jijiya da ɗan lantarki kaɗan, ita ke raba gardama.

Magani na ƙarshe shi ne wanda Marie da Foix suka hango a 1913, watau a yanka ɗamarar kwararo ya buɗe. Mutane suna jin an ce fiɗa sai gabansu ya faɗi, alhali ƙaramin aiki ne. Hannun kaɗai a ke kashewa da allura, mutum yana farke, a gama cikin kamar minti ashirin, ya kwana a gidansa. Tsikarin dare ya kan ɗauke cikin 'yan kwanaki, ƙarfin damƙa kuwa ya kan ɗauki makonni ko 'yan watanni kafin ya komo, don haka shugaban ofis ko hedimasta ya kamata ya sassauta wa ma'aikacinsa aiki a wannan tsakani. Yawancin waɗanda aka yi wa suna samun lafiya. Amma fa wuƙar likita matsi kawai ta ke cirewa, jijiyar da kanta za ta farfaɗo, wadda ta daɗe a shaƙe kuwa ba kullum ta ke komawa yadda ta ke ba. Alamun da ke nuna lokaci yana ƙurewa biyu ne. Na ɗaya, mutuwar yatsun ta daina zuwa tana tafiya, ta zauna dare da rana. Na biyu, mutum ya jera tafukansa biyu cikin haske ya dubi tudun naman gindin babban yatsa. In ya ga na hannu ɗaya ya faɗa, ya yi kwari inda ɗan'uwansa ya ke a cike, kada ya jira hutun ƙarshen zango, ya nemi izini ya tafi asibiti cikin makon nan.